Na gama digirin kwamfuta, ko'ina sai a ce sai mai gogewa: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta Kimiyyar Kwamfuta, na fito da 2.2, kuma wata tara ke nan da gama bautar ƙasa. A Kano nake zaune. Na aika CV wuraren da ban san adadinsu ba, ko kiran intabiyu ban taɓa samu ba. Duk sanarwar aikin da na gani sai an ce ana son mai gogewar shekara biyu ko uku. To wanda bai taɓa aiki ba, ina zai samo gogewar? Yayana ya ce in koma in yi mastas, abokina kuma ya ce satifiket ɗin CCNA, na ƙwarewa a sadarwar kwamfutoci daga kamfanin Cisco, ya fi. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a karatun da ka yi. Na daɗe ina aikin kula da sadarwar kwamfutoci, kuma sau da yawa ina cikin waɗanda ke zama su tantance masu neman aiki. Don haka zan fara da gaya maka abin da ke ran mai ɗaukar ma'aikaci lokacin da ya rubuta "gogewar shekara biyu", tunda wannan jimlar ce ta tsaya maka a rai.

Tsoro ne ke sa shi rubuta ta. Mutum ne da ke da ofis mai kwamfuta talatin ko arba'in, ya san wata rana zai yi tafiya Abuja, ranar Litinin da safe intanet ya ɗauke, firintar akanta ta ƙi fitar da takardar albashi, manaja yana ta kiran waya. Tambayar da yake yi wa kansa ita ce: in na bar wa yaron nan ofis, zai iya? Ba shi da hanyar sanin amsar daga takardar digiri, domin ya sha ganin masu digiri mai kyau da ba su taɓa buɗe cikin kwamfuta ba. Sai ya kafa shekaru a matsayin rariya, don ya rage tulin takardun da ke gabansa. Duk wanda ya iya kwantar masa da hankali ta wata hanyar, ko da bai cika shekarun ba, ana kiransa. Na sha ganin haka, ni ma na sha yi. Aikin da ke gabanka yanzu shi ne tara shaidar da za ta kore wannan tsoron, kuma ana iya tara ta ba tare da kowa ya ba ka takardar kama aiki ba.

Kafin nan sai ka zaɓi ƙofa ɗaya. Ban ga CV ɗinka ba, amma ina kyautata zaton ya yi kama da waɗanda ke zuwa hannuna: an jera Java, Python, C++, PHP, gyaran kwamfuta, tsaron intanet, zanen hotuna, duk a layi guda. Mai karantawa abin da yake fahimta shi ne ka ji sunayensu a aji. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai.

Ga wanda yake Kano kuma yake son fara samun albashi nan kusa, a ganina ƙofar da ta fi faɗi ita ce taimaka wa ma'aikata da matsalolin kwamfuta da kula da sadarwar ofis. Dalili shi ne aikin sai mutum ya zo da ƙafarsa. Wanda ke Legas ko Indiya zai iya rubuta wa kamfanin Bompai manhaja daga ɗakinsa, amma ba zai iya hawa tsani ya ja kebul a silin ba, ba zai iya canza batirin inbata ba, ba zai zauna kusa da ma'aikaciyar da ta manta kalmar sirrinta ya lallaɓa ta ba. Asibitoci masu zaman kansu, makarantu, rassan bankuna, masana'antun Sharaɗa da Challawa, otal-otal, ƙungiyoyin agaji, duk suna bukatar irin wannan mutumin. Tun da Starlink ya shigo Najeriya a farkon 2023 ma, aikin ɗora shi da rarraba intanet ɗinsa a gidaje da ofisoshi ya zama sana'a.

Rubuta manhaja ya fi kawo kuɗi in an yi nisa, kuma in can zuciyarka take ban hana ka ba. Sai dai ka san ƙofar sabon shiga ta ƙuntata. A watan Satumban 2019 kamfanin Andela, wanda ya yi suna da horar da matasa daga tushe, ya sallami ƙananan masu rubuta manhaja sama da 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, ya ce kamfanonin da yake wa aiki ƙwararru suke nema. Daga ƙarshen 2022 kuma, da fitowar ChatGPT da 'yan'uwansa, ƙananan ayyukan da a da ake bai wa sabon shiga ya koya da su, yanzu babba yana gama su da taimakon ƙirƙirarriyar basira cikin mintuna. Wanda zai bi wannan hanyar sai ya zo da manhajar da mutane na gaske suke amfani da ita, ko da mutum biyar ne, kuma ya iya bayanin kowane layi da ke cikinta. Akwai kuma aikin sarrafa bayanai, wanda matasanmu ba su cika waiwayarsa ba alhali ƙungiyoyin lafiya da na agaji a Arewa suna nemansa: Excel sosai da sosai, SQL, Power BI, da KoboToolbox da ake tattara bayanai da shi a ƙauyuka, da DHIS2 da ake adana alƙaluman lafiya a kai. eHealth Africa da ke nan Kano misali ne na wurin da irin wannan ilimin ke da daraja. Shi kuwa tsaron intanet, da kowa ke ɗokinsa, da wuya ya zama aikin farko. Ba a ba mutum gadin gidan da bai san ƙofofinsa ba.

To, mu ɗauka ka zaɓi ƙofar farko, wato kula da kwamfutoci da sadarwar ofis. Ga inda gogewar take.

Rabinta tana cikin laftof ɗinka. In laftof ɗin yana da RAM mai girman 8GB ya isa ka fara. Ka sauke VirtualBox, kyauta ne, yana ba ka damar kunna kwamfutoci da yawa a cikin guda ɗaya. Ka ɗora Windows Server, manhajar da ke tafiyar da saba, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke dogaro da ita; Microsoft na bayar da na gwaji kyauta na kwana 180. Ka kafa Active Directory a kai, wato tsarin da ke riƙe sunayen ma'aikata da izinin kowa, ka ƙirƙiri ma'aikata ashirin na ƙirƙira, ka raba su sassa, ka hana na sashen kasuwanci buɗe fayil ɗin sashen kuɗi. Ka ɗora Ubuntu a gefe, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne daban da Windows, ka koyi sarrafa shi da rubuta umarni ba tare da linzami ba. Ka yi rajista a Cisco Networking Academy ka sauke Packet Tracer, manhajar kwaikwayon haɗa sadarwa, shi ma kyauta, ka haɗa rawuta da suwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna da intanet, ka raba sadarwar gida uku, ka sa su yi magana da juna. Bayan ka gina, ka ɓata da gangan, ka kwana, gobe ka zo ka nemo abin da ya lalace. A wurin gyaran nan ake koyon aikin. Kowane abu ka yi, ka rubuta shi a taƙaice da hotunan allo: me na so yi, me ya ƙi, yaya na gano, yaya na gyara. Ka ajiye a GitHub ko LinkedIn inda za a iya gani.

Ɗaya rabin yana cikin gari, kuma nan ne girman kai ke kayar da masu digiri. Ka je Farm Centre ko titin Beirut, ka nemi mai sana'ar ja wa ofisoshi kebul da ɗora kyamarorin tsaro, ka gaishe shi da ladabi, ka ce kana son ka riƙa bin sa aiki. Wataƙila sakandare kawai ya gama. Wannan bai dame ka ba, yana da abin da kake nema. A wata biyu tare da shi za ka iya matse kan kebul ba tare da duba jerin launuka ba, za ka san me ya sa ba a wuce mita 100 da kebul ɗin Cat6, za ka san yadda ake yi wa mai gida lissafin kaya, da yadda ake ba shi haƙuri in aiki ya yi jinkiri. Ka duba cibiyoyin jarrabawar JAMB. Tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma cibiya guda tana ɗauke da kwamfuta wajen 250 da aka haɗa da saba ɗaya. Duk shekara in lokaci ya matso suna neman hannu. Wanda ya yi kakar jarrabawa ɗaya a irin wannan wurin, ya ga yadda ake tayar da kwamfutar da ta mutu alhali ɗalibi na zaune yana kallon agogo, ya ga abin da wani mai shekara guda a ofis bai gani ba. Akwai Islamiyyar unguwarku da ke rubuta sakamakon ɗalibai da hannu, akwai kemis ɗin da bai san maganin da ya kusa lalacewa ba sai ya lalace, akwai ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke da shago uku da littafin bashi guda. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ka ɗauki ɗaya daga ciki, ka warware masa matsalar har ƙarshe, sannan ka roƙe shi abu biyu: takardar shaida mai ɗauke da sa hannunsa, da izinin sa lambar wayarsa a CV ɗinka.

Ina jaddada "har ƙarshe" domin nan ne da yawa ke faɗuwa. A fara da zafi, a ɓace bayan sati biyu. Mutumin da ka bari a tsakiyar aiki shi ma shaida ne, amma a kanka.

Yanzu CV. Shafi ɗaya ya ishe ka, a PDF, da adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya. Ka cire "mai ƙwazo ne, mai son aiki da jama'a", kowa haka yake rubutawa. Ka koma ka tuna abin da ka yi a SIWES, wato koyon aikin da ake tura ɗalibai lokacin karatu, da inda aka tura ka bautar ƙasa, domin su ma gogewa ce, matasa ne ke raina su. In makarantar sakandare aka kai ka, ka tarar da ɗakin kwamfuta a kulle, ka tayar da guda goma sha biyu cikin ashirin, ka koyar da 'yan aji uku, to haka za ka rubuta, da adadin da komai. Layi guda irin wannan ya fi jerin harsunan manhaja goma. Kuma ka daina watsa takarda iri ɗaya ko'ina. Gara wuri biyar a sati, kowanne ka karanta abin da suke nema ka gyara CV ɗin ya fuskance shi, da hamsin da ka tura ido rufe. In sanarwa ta ce shekara biyu kuma ka iya mafi yawan abin da aka lissafa, ka nema. In ta ce shekara biyar, ka wuce, ba kai ake kira ba.

Bari in ba ka tambayar da na fi yi a intabiyu, don ka ga abin da ake aunawa. Nakan ce: ma'aikaci ya kira ka ya ce kwamfutarsa ba ta shiga intanet, me za ka yi? Mafi yawa sai su ce za su yi mata fomatin, wato su goge komai su sake ɗorawa, ko su fara karanto mini matakai bakwai na OSI, darasin sadarwa na aji, kamar hadda. Wata rana wata yarinya mai HND ta zo, ita ce ta ƙarshe, ana ta shirin tashi. Da na yi mata tambayar sai ta ce, "Yallaɓai, zan fara tambayarsa, shi kaɗai ne ko har na kusa da shi?" Ta ce in kowa ne, to matsalar tana wajen rawuta ko kamfanin da ke ba mu intanet. In shi kaɗai ne, za ta duba kebul da fitilar da ke bayan kwamfutar, sannan ta rubuta ipconfig ta ga adireshin da ta samu. In ya fara da 169.254, ta san kwamfutar ba ta samu adireshi daga DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, ba. In adireshin daidai ne, za ta yi ping, wato ta aika saƙon gwaji, zuwa rawuta, sannan zuwa 8.8.8.8, wani adireshi a intanet, in wannan ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, to matsalar DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa. Da muka yi mata wata tambayar da ba ta sani ba, ta ce ba ta taɓa yi ba, amma ga inda za ta duba. Ita muka ɗauka, alhali a cikin waɗanda suka riga ta shiga akwai mai 2.1. A wurin wani mai gyara a unguwarsu ta koyi duk wannan, tana zuwa bayan la'asar.

Batun mastas da CCNA. Yayanka alheri yake nufinka da shi, kuma in burinka koyarwa a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ne, maganarsa ita ce daidai, ba makawa sai da mastas. Amma in aikin hannu kake so a kamfani, mastas a yanzu zai ci maka shekara biyu da kuɗi, ka fito ka tarar da tambayar nan ta gogewa tana nan tana jiranka. Ga kuma shekarun haihuwa: shirye-shiryen ɗaukar sababbin masu digiri na bankuna da manyan kamfanoni galibi suna kafa iyaka wajen 26 ko 27, wasu kuma suna tsayawa a kan 2.1. Ka nemi waɗanda ke karɓar 2.2 tun kana cikin iyakar. Mastas ba ya gudu, ana yin sa ana aiki, lokacin ma ka san fannin da kake so.

CCNA kuwa yana da amfani ga hanyar da na nuna maka, don yana sa a tsaya a kan takardarka. Jarrabawa ɗaya ce, lambarta 200-301, kuɗinta dala 300, kuma satifiket ɗin shekara uku yake yi kafin a sabunta. Da canjin dala na yanzu wannan kuɗi ne mai nauyi, don haka kada ka ci bashi saboda shi. Karatun kyauta ne, ka fara shi yau, ka rubuta a CV cewa kana kan shiri, ka biya jarrabawar daga kuɗin ƙananan ayyukan da ka fara samu. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka haddace tambayoyin da ake sayarwa don ka ci. Mai satifiket ɗin da aka ba suwic ya kasa saita shi ya fi wanda ba shi da komai zubar da mutunci a idon masu intabiyu. Ka kuma sa ido a kan shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023 tare da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa. Horon kyauta ne, kuma ko ba komai zai haɗa ka da masu irin burinka.

Wannan haɗuwar da mutane ita ce abin da na ga babu a cikin wasiƙarka. Ka ce ka aika, ka aika, ba ka ce ka je ba. Yawancin ƙananan guraben aikin nan ba a ma tallata su. Oga ne zai juya ya tambayi na ƙasa da shi, "Ka san wani yaro mai hankali?" Ba sayen gurbi nake nufi ba, ina nufin a san ka da abin da ka iya. Ka riƙa zuwa tarukan GDG da DevFest, na masu harkar fasahar Google, da ake yi a Kano, ka leƙa Startup Kano, in ka shiga Kaduna ka je CoLab. Ka koma wurin wanda ya kula da kai a SIWES, ka gaishe shi, ka nuna masa abin da ka gina. In za ka rubuta wa babba a LinkedIn, kada ka tsaya a "Salam, Yallaɓai" kana jiran ya amsa, kada kuma ka fara da "a taimaka mini da aiki". Ka faɗi sunanka, abin da ka haɗa, da tambaya guda takamaimai da zai iya amsawa cikin minti biyu. Manya suna son yaron da ya riga ya fara tafiya.

Wata magana da ba a son faɗa, amma gara ka ji daga bakina: Turanci. Da yawa daga yaranmu sun iya aikin, amma in aka ce su rubuta imel na layi biyar su bayyana abin da ya lalace, sai abin ya gagara. Aikin nan rabinsa bayani ne. Rubutun da na ce ka riƙa yi kan gwaje-gwajenka zai gyara wannan a hankali. Ka kuma samu aboki ku riƙa yi wa juna intabiyu da baki. Hausarka kuwa jari ce, kada ka raina ta. Ƙungiyar da ke aiki a ƙauyukan Jigawa ko Katsina tana bukatar wanda zai koya wa ma'aikacin asibitin karkara amfani da manhaja a harshen da yake ji.

Ka yi hattara da masu cin kasuwa da halin da kake ciki. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko kuɗin horo kafin a ba ka aiki, ko ya ce yana da gurbi a wata ma'aikatar tarayya a kan miliyan kaza, ka rabu da shi. Na san gidan da aka sayar da fili saboda irin wannan, takardar da aka kawo musu ta bogi ce. Haka wanda zai zo ya ce tunda ka iya kwamfuta akwai wata harka ta samun kuɗi da sauri. Ka san me yake nufi, ka kuma san ƙarshenta. Aikin ƙasashen waje daga gida gaskiya ne akwai shi, har da shirye-shiryen koyo irin Outreachy da ke biyan dala 7,000 na wata uku, amma gasar ta duniya ce gaba ɗaya, kuma sai kana da tsayayyar wuta da intanet. Ka gwada, amma kada ka jingina da shi kaɗai.

In kira ya zo, in sha Allahu zai zo, albashin farko zai iya ba ka mamaki wajen ƙanƙanta. Mafi ƙarancin albashi a doka tun 2024 naira 70,000 ne, alawus ɗin masu bautar ƙasa ya koma 77,000, kuma wasu ƙananan wurare abin da za su ambata maka ba zai yi wa wannan nisa ba. Kafin ka ƙi ko ka karɓa, ka tambaya: a ƙarƙashin wa zan yi aiki, kuma me za a bar ni in taɓa? Wurin da akwai gwani a samanka, da saba da rawuta da za ka sa wa hannu, ya fi wurin da aka ɗara kuɗin kaɗan amma aikinka buga takardu da hoton kwafi. Ka nemi a ba ka takardar ɗauka a rubuce. In koyon aiki ne ba biya, ku yanka masa wa'adi tun farko, wata uku ya isa, kada a mayar da kai ma'aikacin kyauta na shekara. Kuma ranar da aka miƙa maka kalmar sirrin shugaban sadarwa, ka sani za ka iya ganin albashin kowa da wasiƙun kowa. Kada ka buɗe abin da ba a sa ka ba, kada ka faɗi abin da idonka ya gani bisa kuskure. A sana'ar nan labarin mutum yana riga shi isa ofis na gaba.

A wannan satin, ka ɗora VirtualBox, ka tayar da saba ɗinka na farko, ranar Asabar kuma ka shiga Farm Centre ka nemi wanda za ka riƙa bi. Bayan wata guda ka sake rubuto mini abin da ka haɗa da abin da ya ƙi, ka haɗo da sabon CV ɗin, mu bi shi layi-layi.